Daga Shamuwa zuwa Zafin Teku: Tarihin Duban Damina a Ƙasar Ruma

Tun kafin a san ma'aunin ruwan sama, manoman Batsari da Safana suna da hanyarsu ta sanin abin da damina za ta zo da shi. Idan shamuwa ta sauka kan tsamiya, gawo ya fara zubar da ganye, Kaza da 'ya'yanta ta ɓace daga sama, to sai a fito da iri a gyara fartanya. Malamai kuma suna riƙe da lissafin taurari 28, kowane da kwana 13, bakwai daga ciki na damina, tun daga Haƙ'a. Kakana, wanda ya yi noma a gefen dajin Rugu, ba ya binne gero sai ya je wurin liman ya ji tauraron da ake ciki.

Wannan ilimi yana faɗin lokaci, amma ba ya faɗin yawan ruwa. Shi ya sa yunwar Kakalaba ta 1914 ta shammaci ƙasar Hausa, farin 1973 kuma ya kwantar da shanu a makiyayar Runka. Bayan wannan masifa ne aka kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai a 1974, don bibiyar ruwa da amfanin gona a yankin Sahel.

Wani haske kuma daga nesa ya zo. A 1984 William Gray na jami'ar jihar Colorado a Amurka ya fara fitar da hasashen guguwar tekun Atlantika tun kafin kakarta, wadda ke somawa 1 ga Yuni. Ya lura cewa hadarin da ke taso mana daga gabas, ya kwarara a Safana ya wuce yamma, shi ne yakan faɗa teku daga gaɓar Senegal ya riƙa ya zama guguwa. Idan daminarmu ta yi albarka, manyan guguwa sukan yawaita can. Idan kuwa ruwan tekun Pasifik ya yi zafi, abin da ake kira El Nino, guguwa takan ragu, mu kuma sau da yawa ruwa ya yi mana ƙaranci. A 1983, bayan El Nino mai ƙarfi, guguwa huɗu kacal aka raɗa wa suna, a nan kuma gero ya ƙone a tsaye.

Yau hukumar NiMet, wadda aka kafa a 2003, tana duba zafin tekuna ta fitar da hasashe a farkon kowace shekara: ranar saukar ruwa, ranar ɗaukewarsa, da ɗan farin da kan gitta a tsakiya. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, labarin yakan tsaya a birni. Lissafin liman a bakin masallaci ake jin sa, da harshen mai gona. Hasashen zamani ma can ya kamata ya je: rediyo, kasuwar Batsari, zauren mai unguwa, tun kafin manomi ya zaɓi irin da zai zuba a rami.