Leburan da Aka Binne Ba Suna: Haɗarin Ramin Kwal na Darr, 1907

A ranar Alhamis, 19 ga watan Disamba, 1907, da misalin ƙarfe 11:30 na safe, ramin haƙar kwal na Darr da ke jihar Fensilbeniya ta Amurka ya fashe, mutum 239 suka halaka. A wannan maƙala za mu bi sawun ɗaya daga cikin irin waɗanda suka mutu a wurin, wato lebura ɗan ƙabilar Rusin, waɗanda ake kuma kira Ruteniyawa. Ba za mu ba shi suna ba, domin da yawa daga cikinsu ba da suna aka binne su ba.

Asalin mutumin namu wani ƙauye ne a duwatsun Karfatiya, yankin da a yau ya rabu tsakanin Slobakiya da Foland da Yukren, amma a wancan zamani yana ƙarƙashin daular Ostiriya da Hangari. Manoma ne da makiyaya. Gonar gado kullum raguwa take yi saboda rabo, ga haraji, ga bashi. Daga wajajen 1880 zuwa 1914, mutanensa fiye da 200,000 suka tsallaka teku zuwa Amurka. Shi ma ya ci bashin kuɗin jirgi, ya bar mata da 'ya'ya, da niyyar in ya tara abin sayen gona ya komo. A wajen shiga ƙasa, ma'aikata kan rubuta irinsa a matsayin ɗan Ostiriya ko ɗan Hangari ko ɗan Rasha. Ke nan tun daga bakin ƙofa sunan ƙabilarsa ya fara ɓacewa.

Ramin Darr mallakar Pittsburgh Coal Company ne, a gaɓar kogin Youghiogheny. Leburorin da ke zaune a Jacobs Creek, a ɗaya gaɓar, kan ƙetare kogin cikin wani keke da ke rataye a jikin waya. A irin waɗannan garuruwa, gidan da lebura ke haya na kamfani ne, kantin da yake cefane ma na kamfani ne. Ana biyansa ne gwargwadon nauyin kwal ɗin da ya loda, don haka ranar da bai shiga rami ba, ba shi da ko anini. Haskensa a ƙarƙashin ƙasa kuwa 'yar fitila ce mai buɗaɗɗen harshen wuta, maƙale a hularsa, a wurin da iskar gas da ƙurar kwal ke taruwa. Wuta da auduga ke nan a ɗaki guda.

Watan ya zo da alamu. Ranar 1 ga Disamba ramin Naomi, wanda ba shi da nisa, ya fashe ya kashe mutum 34, wasu daga cikin waɗanda suka rasa aiki a can suka koma Darr. Ranar 6 ga wata na Monongah a jihar Bajiniya ta Yamma ya ci mutum 362 bisa ƙidayar hukuma.

Abin da aka fi tunawa game da Darr shi ne waɗanda suka tsira. Ruteniyawa suna bin tsohuwar kalandar coci, wadda a cikinta idin Waliyyi Nikolas ya faɗo daidai 19 ga Disamba. Leburori kimanin 200 suka haƙura da kuɗin yini suka tafi ibada, suna cikin addu'a suka ji ƙasa ta girgiza. Zuriyarsu na ɗaukar wannan a matsayin mu'ujiza, kuma ba mu ga laifinsu ba. Sai dai tunaninmu ya fi komawa ga wanda ya shiga rami a ranar. Wanda bashin jirgi ke wuyansa, iyali kuma na jiran aike daga gare shi, barin kuɗin yini guda ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa. Bai kamata labarin mu'ujizar ya sa a ɗauka ƙarancin imani ne ya kashe shi ba. Gas ne da ƙura da buɗaɗɗiyar fitila, a ramin da ran lebura bai kai kwal daraja ba.

Binciken da aka yi ya ɗora laifin a kan leburorin da aka ce sun shiga da fitila wurin da aka killace, kamfani ya fita da hannu wankakke. An binne mutum 71 a kabari guda a maƙabartar Olive Branch, 49 daga cikinsu ba a gane ko su wane ne ba. A shekarar 1907 kaɗai, masu haƙar kwal 3,242 suka mutu a Amurka. Wannan asara ce ta tilasta wa majalisar ƙasar kafa hukumar kula da ma'adinai a 1910.

Ita kuwa matar da ke can ƙauye a Karfatiya, wasiƙa ce ta daina zuwa, bashin jirgi kuma yana nan yana jiran mai biya.