Lokaci da Wuri a Ƙidayar Tsuntsayen Yankin Lafiya da Tafkin Pandam

Tsakure

Tsuntsayen yankin Lafiya suna sauyawa da sauyawar yanayi, don haka ƙidayar rana ɗaya ba ta isa ta bayyana arzikin wurin ba. Maƙalar ta duba wuraren kallo, da zirga-zirgar tsuntsaye tsakanin damina da rani, da tsarin da ake bi wajen tattara bayanai.

Yankin nazari

Lafiya tana tsakanin tuddan Jos da kwarin Binuwai, inda dajin ciyawa da itatuwa ya haɗu da kurmin bakin rafi. Damina kan kama daga Afrilu zuwa Oktoba. Wuri mafi muhimmanci shi ne gandun dajin Pandam da ke Ƙaramar Hukumar Qua'an Pan ta Jihar Filato, a kan hanyar Lafiya zuwa Shandam. An kafa shi a 1972, faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 224, kuma a 2008 aka sanya tafkinsa tare da na Wase cikin jerin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar. Akwai kuma madatsar ruwa ta Doma da fadamun shinkafa na kusa da gari.

Zirga-zirgar tsuntsaye

Rukuni uku ake samu. Na farko mazauna ne, kamar kurciya da hasbiya da makwarwa. Na biyu masu bin ruwan sama ne a cikin Afirka. Shamuwa tana hayayyafa a Arewa da damina, sannan ta yi ƙaura zuwa gabashi da kudancin nahiyar, shi ya sa manoma ke ɗaukar isowarta a matsayin albishirin ruwa. Shirwa kuwa takan gangaro kudu da rani, a gan ta tana shawagi a kan wutar daji tana cafke fara. Na uku baƙi ne daga Turai da ke ƙetare Sahara, su iso wajen Satumba zuwa Oktoba, su koma wajen Maris zuwa Afrilu.

Da rani tafkin Pandam ya fi cika da tsuntsaye. Idan ƙananan kududdufai suka ƙafe, kirinjijiya takan taru a nan garke-garke, ana jin fitonta tun kafin a hango ta. Zalɓe yakan tsaya cik a gefen ruwa yana dakon kifi. Taruwar alama ce ta ƙarancin ruwa a kewaye, ba lallai ta nuna ƙaruwar tsuntsayen ba.

Tsarin ƙidaya

Cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Laminga kusa da Jos ita ke jagorantar shirin taswirar tsuntsayen Nijeriya, wanda ya fara a 2015. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 tsawo da faɗi. Mai ƙidaya yakan shafe aƙalla awa 2 a gida ɗaya, ya zaga duk irin muhallin da ke ciki, ya rubuta kowane nau'i bisa jerin yadda ya gan shi ko ya ji kukansa. Takardar ƙidaya ɗaya ba ta wuce kwana 5. Sanyin safiya ya fi dacewa, domin zafin rana kan rage gani.

Kammalawa

Sare itatuwa don gawayi, da ƙona daji, da faɗaɗa gonaki suna rage muhallin tsuntsaye a yankin. Auna tasirinsu yana buƙatar a riƙa maimaita ƙidaya a gida ɗaya, damina da rani, shekara bayan shekara. Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Lafiya, wadda aka kafa a 2011, da masunta da manoman da suka san sunayen tsuntsayen da lokutansu, su ne mafi kusa da wannan aiki.