Daga Masaƙa Zuwa Tashar Mota: Tarihin Toyota da Masu Ita a Ƙasar Daura

Kalmar zango tsohuwar kalma ce ta fatauci. Wuri ne da ayari kan ya da kaya bayan yinin tafiya, a ba jakuna da raƙuma ruwa da harawa, madugu ya duba dabbar da ta yi miki a gadon baya, a kwana, da asuba a ɗaura. Garin Zango na ƙasar Daura ya fi shahara a tarihi da wani abu dabam, watau zamansa mazaunin gidan sarautar Haɓe bayan jihadi ya fitar da su daga birnin Daura a farkon ƙarni na 19, har zuwa sa'ad da Turawa suka mayar da Malam Musa kan gadon kakanninsa a farkon ƙarni na 20, kamar yadda M. G. Smith ya bayyana a cikin The Affairs of Daura na 1978. Duk da haka sunan ya dace da wurin, domin Zango da Ɓaure da Mai'adua suna bakin iyaka ne, a tsakanin Kano da Damagaram, inda kaya ba su daina wucewa ba.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Nguru a 1930, amma bai bi ta Daura ba. Saboda haka duk gyaɗar da aka noma a wannan yanki, da gero, da dabbobi, da kanwar da ke saukowa daga arewa, daga bayan dabba suka koma bayan mota kai tsaye. A cikin motocin da suka gaji jaki da raƙumi a nan, akwai guda wadda ba a taɓa gina mata masana'anta a Arewa ba, ba kuma umurnin gwamnati ne ya shigar da ita tasha ba. Ita ce Toyota. Masu motoci da direbobi da kanikawa ne suka zaɓe ta, da irin ma'aunin da fatake ke zaɓen dabbar kaya.

Asalin kamfanin ba ƙira ba ne, saƙa ce. Sakichi Toyoda, wanda aka haifa a 1867 a lardin Shizuoka na ƙasar Jafan, ɗan kafinta ne da ya ƙare rayuwarsa yana gyara masaƙa. A 1924 ya kammala wata masaƙa mai sarrafa kanta, wadda ke sauya ƙoshiya ba tare da ta tsaya ba, in kuwa zare guda ya tsinke sai ta tsaya cik, don kada ta ci gaba da saƙa ɓatacce. A 1929 kamfanin Platt Brothers na Oldham ya sayi izinin ƙera ta a kan fam 100,000. Oldham kuwa tana cikin Lankasha, yankin Ingila da yadinsa ya cika kasuwannin ƙasar Hausa a zamanin mulkin mallaka. Ɗansa Kiichiro Toyoda ne ya buɗe sashen mota a cikin kamfanin masaƙar a 1933, ya fitar da babbar motar kaya ta farko a 1935 da ƙaramar mota a 1936, sa'an nan aka kafa kamfanin mota mai zaman kansa a 1937. An sauya sunan daga Toyoda zuwa Toyota, wanda a rubutun Jafananci ake zana shi da zane takwas, adadin da suke yi wa kyakkyawan fata. A 1959 garin Koromo, inda masana'antar take, shi ma ya ɗauki sunan.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kamfanin ya kusa durƙushewa. A 1950 bashi ya yi masa katutu, ma'aikata suka yi yajin aiki, aka sallami fiye da 1,500 daga cikinsu, Kiichiro da kansa ya sauka daga shugabanci. Yaƙin Koriya, wanda ya ɓarke a watan Yuni na wannan shekara, shi ya cece shi, domin sojojin Amurka sun yi odar manyan motoci masu yawa. A 1951 aka ƙera wata mota mai shiga daji, wadda aka raɗa wa suna Land Cruiser a 1954. Corolla ta fito a 1966, Hiace a 1967, Hilux a 1968. Waɗannan huɗu su ne Toyotar da ƙasar Hausa ta sani. Ƙa'idar masaƙar Sakichi kuwa ta bi su har cikin masana'anta, inda aka ba ma'aikaci ikon tsayar da layin haɗa mota duka in ya ga aibi.

Ba da daraja kayan Jafan suka fara shigowa Nijeriya ba. A shekarun 1930 yadinta mai araha ya tsorata 'yan kasuwar Ingila har gwamnatin mulkin mallaka ta ƙayyade shigowarsa a 1934, kuma an daɗe ana ɗaukar kayan Jafan a matsayin na talaka, mai sauƙin kuɗi marar ƙarko. Wannan ra'ayi ya fara sauyawa ne da masaƙar Arewa Textiles da Jafanawa suka kafa a Kaduna a shekarun 1960, da rediyo, da kuma babur. Da aka biya kuɗin Udoji a 1975, malaman makaranta da akawuna da malaman gona suka sayi Honda da Yamaha da Suzuki. A ƙauyukan Daura, Jafan da ƙafa biyu ta fara shiga.

Ita kuwa mota, kamfanin R. T. Briscoe yana sayar da Toyota tun tsakiyar shekarun 1960, daga baya Elizade ya shigo, amma zamanin na Fijo ne. Masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara haɗa motoci a 1975, gwamnati ta mai da 504 motar ofis, mai wagon ta riƙe hanyar Daura zuwa Kano da Katsina, 404 akori-kura ta riƙe kasuwannin ƙauye, roka tana ɗaukar manyan kaya. Kuskure ne a ce Toyota ta kori Fijo saboda Fijo ba ta da ƙarko. Duk wanda ya san 504 a kan hanyar burji ba zai faɗi haka ba. Abin da ya kayar da ita kuɗi ne. A watan Satumba na 1986 aka karya darajar naira, wadda a da take kafaɗa da kafaɗa da dala, ta koma wajen naira 4 a kan dala guda cikin ɗan lokaci. Masana'antar Kaduna daga Faransa take sayo yawancin sassan motarta, don haka sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci da ɗan kasuwa matsakaici. Kasuwa ta koma ta gwanjo.

A nan ne wata doka da ta riga wannan da shekara 14 ta yi tasirin da ba a zata ba. Ran 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma dama, kamar Nijar da sauran maƙwabtanta. Jafan kuwa a hagu ake tuƙi, sitiyarin motocinta na gida yana dama. Saboda haka gwanjon Jafan, wanda ya cika Kenya da Yuganda, bai halatta a titunan Nijeriya ba. Toyotar da ta zo Daura wadda ta gama aiki a Turai ce, daga baya kuma Amurka, aka loda ta a tashar jiragen ruwa ta Antwerp, aka sauke ta a Kwatano. Daga nan sunayen Baljiyam da 'yar Kwatano suka samo asali. Wani kaso nata yakan haura arewa ta Parakou, ya ƙetare Kwara zuwa Gaya, ya bi Doso da Birnin Ƙonni zuwa Maraɗi, sa'an nan ya juyo kudu. Watau mutumin Zango daga arewa mota takan zo masa, ta fuskar da gishiri da kanwa suka saba zuwa.

Wanda ya ga cinikin sa a karar Mai'adua ran Lahadi ba zai yi baƙunta a cinikin irin wannan mota ba. Akwai dillali, akwai la'ada, akwai albarka da sallamawa. Kamar yadda mai sayen dabba ba ya yarda da shekarun da aka gaya masa sai ya buɗe baki ya ga haƙori, haka mai sayen mota ba ya kula da lambar da ke jikin mita, domin ya san ana mayar da ita baya. Bakanike yake tafiya da shi. Shi zai kasa kunne ga inji, ya duba launin hayaƙi, ya shiga ƙarƙashi ya nemi tsatsa, domin gishirin da ake watsawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara yana cin ƙarfe. Tambayoyin ba su wuce na fatake ba: nawa za ta ɗauka, me za ta ci, wa zai yi mata magani in ta kwanta a daji, nawa za a saya in an gaji da ita.

Hayis ce ta fi amsa waɗannan tambayoyi. Galibi a matsayin motar kaya take isowa, ba taga ba kujera, sai masu walda su yanke tagogi, su jera kujeru yadda za ta ɗauki mutum 18, a ƙara mata ganyen sifirin a baya don buhuna. Injinta na fetur mai kafireto ne, wanda yaron da ya yi shekara uku a gareji zai iya kwancewa ya mayar a gindin bishiya, kuma yana haƙuri da man 'yan bumburutu. Kayan gyaranta, sabo da Baljiyam, suna jibge a Ƙofar Ruwa a Kano, tafiyar da direba zai yi da safe ya komo kafin magariba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya zuba kuɗin sallamarsa na shekara 35 a cikin mota guda, ko ya sayar da garke ya saye ta. Irin wannan mai mota ba shi ke tuƙi ba. Direba yake ba, a yanke balas ɗin da za a kawo masa kullum, abin da ya ragu bayan mai da kamasho na direba ne da yaronsa. Ranar da mota ta kwana a gareji gida uku ne ba a ɗora tukunya ba, kuma yawancin husumar da ke tsakanin mai mota da direba a kan wanda zai biya gyara take tashi.

Sai dai haƙurin nata yana da mummunan gefe. Da yake tana jure lodi, sai a ƙara mata, kamar yadda ake yi wa jaki mai haƙuri. Hayis ba ta da hanci. Direba a kan inji yake zaune, ba abin da ke tsakaninsa da motar da ke tahowa sai gilashi da fallen ƙarfe. Tayoyin gwanjo, da zafin kwalta a watan bazara, da direban da ke tseren cika balas, sun haɗu sun jawo asarar rayuka da ba za a ɗora wa maƙerin motar ba. An kafa hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa a 1988, amma lissafin tasha bai sauya ba, domin kujerar ƙarshe ita ce ribar.

Labarin Hilux da Land Cruiser ya bi wata hanya. A farkon 1987 sojojin Cadi na Hissène Habré, ƙarƙashin jagorancin Hassan Djamous, suka fatattaki tankokin Libiya a Fada ran 2 ga Janairu, da Wadi Dum a watan Maris, a cikin motocin Toyota wajen 400 da Faransa ta ba su, an girka musu makamai a baya. Har yau ana kiran wannan yaƙi da sunan motar. Tun daga lokacin ta zama raƙumin hamada, ta gwamnati da ta 'yan tawaye baki ɗaya, kuma ita ke ɗaukar matafiya daga Agadas zuwa Dirku da Sabha a kan tsohuwar hanyar ayari. Dokar da Nijar ta kafa a 2015 don hana safarar baƙin haure ta sa an ƙwace da yawa daga cikinsu, kafin a soke ta a watan Nuwamba na 2023. A wannan gefen iyaka kuwa, farar Hilux mai ƙofa huɗu alamar hukuma ce. In ta tsaya a ƙofar gida, maƙwabta sukan leƙo.

Ga mai nazarin harshe akwai abin lura a cikin sunayen. Peugeot sai da ta zama Fijo, Mercedes ta zama Marsandi, kafin su zauna a bakin Bahaushe. Toyota da Yamaha da Suzuki kuwa ba a taɓa su ba, domin gaɓar Jafananci baƙi ce da wasali, kamar yawancin gaɓoɓin Hausa, ƙarewar Toyota da wasalin a kuma ta ba ta jinsin mace ba tare da gardama ba. Sunayen da kamfanin ya ƙaga da Ingilishi su ne suka sha gyara. Hiace ta zama hayis, kuma kalmar ta faɗaɗa har ana kiran ƙaramar bas da ita ko ta wane kamfani ce, kamar yadda kanta, daga Canter ta Mitsubishi, ta zama sunan matsakaiciyar motar kaya. Sabuwar Hiace mai faɗi da ta fito a 2004 homa ake ce mata, aron sunan wata motar Amurka da ba su haɗa kome ba sai girma.

Hanyar Kwatano ta ƙuntata a 'yan shekarun nan. An hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga Janairu 2017, an rufe iyakokin daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, an sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yuli 2023 har zuwa Maris 2024, kuma janye tallafin mai a watan Mayu na 2023 ya ninka kuɗin cika tanki. Motocin da ke fitowa daga Turai da Amurka yanzu ba su da kafireto. Ƙwaƙwalwa ce ke raba musu mai, in ta rikice kunne ba ya gano ciwon sai an jona kwamfuta. An aza harsashin Jami'ar Sufuri a Daura a 2019, da na layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda zai ratsa Daura, a 2021. Kafin nan, mai tsohuwar hayis ya gwammace ya sayo mata wani injin Baljiyam daga Ƙofar Ruwa, ko da na uku ne, a ɗaga kujerar gaba a sauke shi a mazaunin na da.