Gundumomin da Suka Mutu Amma Ana Ƙirga Su

Yau tarihin namu ya kai mu Amurka, jihar Konetikat, wata 'yar ƙaramar jiha da ke gabashin ƙasar. Tun 1666, zamanin Turawan Ingila, aka yanka mata gundumomi huɗu, daga baya aka yi ta ƙarawa har suka kai takwas a 1785. To a 1960 sai jihar ta rushe mulkin gunduma gaba ɗaya. Babu majalisar gunduma, babu baitulmalinta. Aiki ya koma hannun jiha da garuruwa 169.

Amma fa hukumar ƙidaya ta ƙasa ba ta canza littafinta ba. Shekara sittin da 'yan kai, duk ƙidayar da aka yi, har ta 2020, da sunan gundumomin nan takwas ake fitar da lissafi: mutum nawa, marasa aikin yi nawa, matalauta nawa. Kamar a ƙirga shanu da sunan rugar da ta tashi tun tuni, kun ji fa.

Su kuwa garuruwan sun riga sun haɗa kansu yanki-yanki, shugabanninsu na zama tare kan maganar hanyoyi da sufuri da tsarin filaye. Yankunan tsara ci gaba ke nan, guda tara. Su ne masu aiki, amma lissafi ba ya zuwa da sunansu, sai su bi gari-gari suna tattarawa. In gwamnatin tarayya ta ware tallafi don gundumomi kuma, wa zai miƙa hannu? Gundumar da ba ta da ko ofis?

Jihar ta kai kuka, a 2022 hukumar ƙidaya ta yarda yankunan nan tara su tsaya a matsayin gundumomi a lissafin hukuma. A ganina an yi daidai, sai dai an makara, kuma akwai tsada. Iyakokin tara ba su hau kan na takwas ba. Wanda ke son gwada lissafin 2010 da na yau, dole ya warware shi gari-gari ya sake ɗinkawa, abin da ba a taɓa fitarwa gari-gari ba kuwa, da wuya ya ɗinku.

Mu ma nan mun ɗanɗana irinta. A 2011 gundumomin Nijar suka tashi daga 36 zuwa 63, aka cire Bermo, ƙasar makiyaya, daga Dakoro. Duk wanda ya ɗauki adadin Dakoro na ƙidayar 2001 ya aza kusa da na 2012 bai san da wannan yankan ba, lissafinsa ya karkace, don ba Dakoro ɗaya yake aunawa ba. In wani ya zo rijiya ko kasuwa da takarda yana cewa gundumarku mutum kaza ce, dabba kaza ce, ku tambaye shi: da wace iyaka aka ƙirga, ta da ko ta yanzu?