Daga Gwanja Zuwa Gwanjo: Tarihin Wasu Kalmomi Da Suka Bi Fatake

'Yan uwa mazauna kurmi, na Sabon Badun da Agege da Shagamu da sauran zangonni.

Akwai wani wasan ƙwaƙwalwa da matasanmu ke yi a majalisa bayan sallar isha'i. Mutum zai jefo kalma ɗaya, abokin karawarsa ya faɗi ma'anarta, sannan ya faɗi daga inda ta zo. Ma'ana ba ta cika ba mutane wuya ba, a wajen asali ake faɗuwa. To shi wannan asali, tarihin iyayenmu ne kwance a cikinsa, kuma shi ne amsar da za mu riƙa ba 'yan uwanmu na gida masu yi mana gorin cewa Hausarmu ta gurɓata da Yarbanci.

Bari mu fara da sirrin wasan. Bahaushe ba shi da sautin nan da Bayarabe ke yi da leɓe da maƙogwaro lokaci guda, wanda suke rubutawa p amma a baki kp yake fita, haka kuma ɗan uwansa gb. Idan Bahaushe ya ji kp sai ya ce kw, idan ya ji gb sai ya ce gw. Wanda ya riƙe wannan ya ci rabin wasan. Apoti ya zama akwati. Paki, wato rogo, ya zama kwaki, shi ne garin kwakin da ɗalibai ke jiƙawa har Sakkwato. Agbalumo ya zama agwaluma. Gbanjo ya zama gwanjo, har yau a Kano ana cewa kayan gwanjo, ba wanda ke jin baƙuwar kalma ce.

Wadda ta fi burge ni ita ce kwano. Asalinta Turanci ne, pan. Da a ce daga bakin Bature Bahaushe ya karɓe ta kai tsaye, da fan ko fano za mu ce, domin haka muka yi wa sauran: fam, fensir, fetur, fasinja, famfo. To me ya sa wannan ita kaɗai ta bijire? Saboda ta yada zango a Ikko tukuna. Yarbawa suka ce paanu da nasu sautin, mu kuma muka karɓa daga gare su. Har ma'anoninta biyu tare suka taho, kwanon cin abinci da kwanon rufin ɗaki. Kalma ɗaya ta nuna maka hanyar da kaya suka bi, daga bakin teku zuwa Arewa.

Hanyar kuwa sananniya ce. Kafin zuwan Turawa, fataken goro Gwanja suka nufa, kasuwar Salaga a ƙasar Gana ta yau, tafiyar watanni da jakuna. Bayan Ingilishi sun ƙona Kumasi a 1874 ƙarfin Asante a kan wannan ciniki ya ragu, sannan yaƙin basasar 1892 ya watsa Salaga. Goro ya koma bin jirgin ruwa zuwa Ikko, kuma Alhassan Ɗantata na cikin waɗanda suka yi wannan safara. Jirgin ƙasa ya iso Badun a 1901, ya kai Kano a 1911. A 1916 aka keɓe wa Hausawa unguwar Sabo a Badun, goro na hawa Arewa, shanu na gangarowa. Manoman ƙasar Yarbawa da suka rungumi noman irin goron da muke ci, sunan da suka ba shi gbanja, wasu kuma su ce goro kawai. Kun ga Gwanja ta biyo mu har gonar Shagamu. Su kansu mutanen Gwanja, Ngbanya suke kiran kansu, wato a nan ma gb ɗin ne kakanninmu suka mayar gw.

Kayan zamani da yawa ta wannan layin dogo suka shiga Hausa da sunan da suka samu a kudu. Agogo a Yarbanci ƙararrawa ce tun kafin ya zama abin duba lokaci. Ashana daga isana take, sa wato ƙyastawa, ina wato wuta. Akawu daga akowe, mai rubuta takarda, domin ma'aikatan farko da Turawa suka kai ofisoshin Arewa da yawansu 'yan kudu ne. Keke ma haka. Duk wanda ya ce maka tasa Hausar tsantsa ce, tambaye shi yadda yake kiran abin da yake kunna fitila da shi.

Ba mu kaɗai muka ci bashi ba. Bayarabe na cewa alubosa, wahala, alaafia, anfaani, asiri, fitila. Tushensu Larabci ne, kuma wasu masana na ganin wani kaso ya iso musu ne ta hannun Wangarawa da Songhai, ba ta hannunmu kaɗai ba, don haka kada mai wasa ya yi saurin cewa duka namu ne. Amma tuwo da suya da fura, waɗannan babu gardama. Idan musu ya yi zafi, akwai Bature ɗaya, R. C. Abraham, da ya rubuta ƙamus na harsunan biyu, na Hausa da kuma na Yarbanci wanda ya fito a 1958. Akwai kuma na Bargery na 1934.

Sashen da yara 'yan bana ke faɗuwa warwas shi ne na kuɗi. Anini ɗaya bisa goma ne na kwabo. Ɗari rabin kwabo ce. Taro kwabo uku, Yarbawa su ce toro. Sisi kwabo shida, su ma sisi suke cewa. Sule kwabo goma sha biyu, sule ashirin fam guda. Ranar 1 ga Janairun 1973 aka kawo naira, fam ɗaya ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma na sabon kuɗi. Tsabar ta ɓace amma kalmomin sun ƙi tafiya, har gobe ana cewa ba ni da ko sisi, bai ba ni ko anini ba.

Sai jaka. Tambayi yaro me ya sa dattijo ke kiran naira 200 jaka guda, sai ya yi zuru. Dalili shi ne fam 100 na tsaba ake zubawa a jaka ɗaya, fam 100 kuwa shi ne naira 200. Ka tsallaka titi daga Sabo ka shiga Mokola, ka ce wa tsohuwa mai sayar da barkono apo kan, naira 200 za ta ƙirga maka, kuma apo a bakinta ba komai ba ne illa jaka.