Libarbar Kumandan da ta Di'o: Yadda Rigimar Ilo Ta Raba Harsashi a Ƙasar Dendi

Wani mai karatu daga Gaya ya aiko da tambaya, yana cewa tun yana yaro yake jin dattawa suna faɗin cewa a zamanin Nasara libarbar kumandan na Gaya ba ta cin harsashin libarbar Di'o na tsallaken iyaka, alhali tsakanin Gaya da Kamba tafiya ce kaɗan. Yana son ya san ko maganar tana da asali. Tana da shi ƙwarai, kuma wanda duk ya bi diddiginta zai tarar da kansa a tsakiyar rigimar da ta yanke ƙasar Dendi gida biyu.

A farkon 1897 Laftanar Bretonnet ya taso daga Dahome ya kafa tutar Faransa a Ilo da Busa, garuruwan da kamfanin Ingila na Goldie yake da'awar nasa ne bisa takardun mu'ahada, ko da yake ba shi da soja ko ɗaya a cikinsu. Wannan ne ya harzuƙa Joseph Chamberlain, ministan ƙasashen mallaka na Ingila, har ya kafa rundunar da aka danƙa wa Lugard, aka kuwa shafe watanni a ƙasar Bargu sansanin wannan yana kallon na wancan, kowane hafsa da libarbarsa a kugu, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara taɓa kunama. Da aka zauna sulhu a Paris, sai ya zamana ƙaramin garin Ilo ne ya tsaya wa manyan dauloli biyu a maƙogwaro, domin Firayim Minista Salisbury ya so ya sallama shi a huta, Chamberlain kuwa ya kafe. A ranar 14 ga Yuni 1898 aka sa hannu: Nikki ta zama ta Faransa, Ilo ta Ingila, aka aza iyaka a bakin Kwara mil 10 sama da Giri, mashigar Ilo, Gaya kuwa ta faɗa a rabon Faransa.

Daga nan kowane gefe ya zauna da makaman ubangidansa. Faransawa sun zo da libarba iri biyu, duka ƙirar masana'antar Saint-Étienne: tsohuwa ta 1873, mai nauyi, faɗin bakinta milimita 11, da sabuwa ta 1892, matsakaiciya, mai milimita 8, wadda ba ta kai kilo guda ba. Turawan Ingila kuwa Webley suka riƙe tun 1887, wadda harsashinta ya haura milimita 11, kuma akan karya ta daga sama ta zubar da kwanso shida gaba ɗaya. Masana makamai sun daɗe suna saɓani kan wanda ya fi dacewa da zaɓi, waɗansu suna aibata ta 1892 da rashin ƙarfin duka, waɗansu suna yabon sauƙin ɗaukarta da daidaiton saitinta. Abin lura dai shi ne Ingila da kanta ta koma ga matsakaiciya mai kusan milimita 9 a 1932. Amma a ganina, hafsan da aka jefa bakin Kwara, tafiyar makonni daga teku, ba shi da wani zaɓi na haƙiƙa. Hafsan Ingila da kuɗinsa yake sayen libarbarsa, yana iya ɗaukar ƙirar da ransa ya so, sai dai da sharaɗin ta ci harsashin gwamnati, domin abin da ke cikin akwatin da 'yan dako suka ɗauko shi kaɗai zai samu.

A nan ne tambayar mai karatunmu ta haɗu da wata mas'ala da ta fi ta girma, wato dalilin da ya sa mayaƙan wannan yanki suka tari Nasara da mashi da kibiya. Riwaya ta farko, wadda Turawan zamanin suka fi yaɗawa, tana cewa sarakuna da barade sun raina bindiga, sun ɗauke ta makamin bayi, sun fifita doki da takobi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma hujjojin da ke hannu sun fi ƙarfafa riwaya ta biyu, wadda ke cewa toshe musu hanya aka yi. A ranar 2 ga Yuli 1890 daulolin Turai suka ƙulla yarjejeniyar Brussels, da sunan yaƙi da cinikin bayi, suka haramta sayar wa 'yan Afirka bindiga ta zamani da harsashinta a mafi yawan nahiyar, suka bar musu bindigar ƙanƙara da albarushin kasuwa. Ita bindigar ƙanƙara maƙeri yana iya gyara ta, maharbi yana iya ɗura mata darma ko guntun ƙarfe. Amma mai cin kwanso, in harsashin da aka yi dominta ya ƙare, ta zama sanda. Da a ce raini ne, da Sarki Tanimu na Damagaram bai tara dubban bindigogi ya sa an zuba masa igwa a Zinder ba, da maƙeran Samori ba su duƙufa ga kwaikwayon bindigogin Faransa ba.

Mutanen Dendi da Zabarma kuwa sun san kaifin bindiga tun kafin su ga kumandan. A 1896, a Bumba, inda Dallol Boso ya faɗa Kwara, mayaƙin nan Isa Korombe, wanda ya shafe shekaru da dama yana kare Zabarmawa, ya gamu da Fulanin Bayero tare da mutanen Futa na Amadu Shehu da Alburi Njai, waɗanda Faransa ta koro daga yamma da bindigoginsu a hannu, aka kashe Isa a wannan rana. Shekaru biyu bayan haka aka kafa barikin Faransa a Dosso da yardar Zarmakoi, kuma yana da wuya a raba wannan yarda da abin da ya auku a Bumba.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Bayan 1960 sojoji da 'yan sanda suka ajiye libarba suka ɗauki ƙananan bindigogi masu sarrafa kansu, Kalashnikov kuma, wadda harsashinta iri ɗaya ne a Gaya da Malanville da Kamba, ta shafe bambancin da 1898 ta haifar. Don magance yaɗuwarta ne ƙasashen CEDEAO suka sa hannu kan yarjejeniyar ƙananan makamai a Abuja ranar 14 ga Yuni 2006, wadda ta fara aiki a 2009, ta kuma wajabta sa alama a kan makamai da harsasai domin a san inda suka fito.