Wazirin da ke tunani sau ukku

Ya kai mai karatu, ka san mutumen da in zai yi abu sai ya kwana yana juya shi cikin zuciya? Mutanen ƙasar Sin suna da karin magana a kansa: a yi tunani sau ukku kahin a ɗaga ƙafa. Ga inda maganar ta samo asali.

Can da daɗewa akwai wata ƙaramar ƙasa, sunanta Lu, a gabashin Sin. Wazirinta shi ne Ji Wenzi. Sarki ukku ya yi ma aiki. Matan gidansa ba su sa alharini, dawakinsa ba su cin hatsi, sai ciyawa.

A shekara ta 621 kahin haihuwar Annabi Isa, an aike shi ƙasar Jin, wadda ta hi tasu ƙarhi. Kahin ya kama hanya sai ya ce a koya masa yadda ake gaisuwar mutuwa a fada. Baransa ya yi mamaki, don ba wanda ya mutu. Cikin shekarar nan kuwa sarkin Jin ya rasu. Ka ga ranar tunani.

Waziri ya rasu a 568. Bayan shekara 17 aka haihi babban malamin Sin, Konfushiyus, a wannan ƙasa ta Lu. Da aka ba shi labarin waziri, bai yaba ba. A ganinsa sau biyu ya isa.

Mi ya sa? Malaman da suka zo baya sun ce a tunani na ukku ne son kai ke shigowa, mutum ya fara lissahin abin da zai samu da abin da zai rasa. Sun kawo shaida. A 609 wani babban bafade ya kashe yarima mai jiran gado, ya naɗa ɗan wata matar sarki. Kowa ya san zalunci ne. Waziri bai hukunta kowa ba. Da shekara ta kewayo, shi ne ma ya ɗauki toshi ya kai ƙasar Ci, don a amince da sabon sarki.

Har yau a Sin iyaye suna gaya ma ɗiyansu su yi tunani sau ukku. Amsar malam kuwa, ba kasafai ake haɗawa da ita ba.